Kwana Nawa Ya Kamata Tsohon Da Ya Karye A Kwatangwalo Ya Yi A Asibiti?

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a asibiti ya san tambayar da dangi su kan fara yi da zarar an ba da gado, ita ce, "Likita, yaushe za a sallame mu?" Ba kuwa laifinsu ba ne. An baro gona, an baro yara, guzuri yana ƙarewa, ga masu jinya suna kwana a baranda. Shi ma likita yana da tasa damuwar, domin gadon da tsohon nan ya ke kai akwai wani a waje yana jiransa. Saboda haka sai ka ga bukatar dangi da ta asibiti sun zo ɗaya a kan a gajarta kwana. Yau muna so mu duba wannan al'amari game da ciwo guda, watau karayar kwatangwalo ga tsofaffi, mu kuma dube shi ta fuskar mutanen Gwandu da Kalgo da ƙauyukansu, cikin Jihar Kebbi. Ra'ayinmu, tun ba mu yi nisa ba, shi ne kwanakin da ya kamata a rage su ne waɗanda tsoho ya ke yi kwance kafin a yi masa aiki. Waɗanda ke bayan aiki kuwa, kada a taɓa su sai ya iya tsayuwa, an kuma shirya gidan da zai koma.

IRIN CIWON

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin mutum. Can samansa yana da ɗan wuya wanda ya karkata, da kai mulmulalle kamar ƙwallon goriba, wanda ya shige cikin gurbinsa a ƙugu. To, a wannan wuyan, ko ƙasa da shi kaɗan, a ke yin karayar da mu ke zance. Saurayi ba ya karyewa a nan sai in mota ta buge shi, ko ya faɗo daga kan giginya. Amma tsoho, balle tsohuwa wadda ta daɗe da barin al'ada, ƙashinsu ya kan zaizaye ta ciki, kamar itacen da gara ta ci, a ido yana nan daram, alhali ba ya ɗaukar kaya. Santsin makewayi da asuba, ko tuntuɓe da dokin ƙofa, ko tunkuyin rago, ya isa ya karya shi. Alamarsa ita ce mutum ya kasa tashi, zafi ya riƙe shi a matsematsi, ƙafar ta gajarta, tafinta kuma ya juya waje. Wani lokaci tsagewa kawai ƙashin ya kan yi, tsoho ya riƙa ɗingishi, a ce ai targaɗe ne, bayan 'yan kwanaki ya ƙarasa karyewa.

A shekarar 1991 waɗansu likitoci sun gwada yawan wannan karaya a Ibadan da kuma garin Southampton na Ingila, suka tarar ta Ibadan ba ta kai ko kusa da ta Ingila ba. Irin wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukanta ciwon Turawa. Amma fa tsofaffi suna ƙara yawa a ƙasar nan, kuma inda tsufa ya yawaita, karayar tsufa tana biye da shi.

KWANCIYA CE MAI KISA

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne ƙashin da ya karye ba safai shi ke kashe tsoho ba, kwanciyar da ya jawo ita ke kisa. Tun a 1947 wani likita na Ingila, Richard Asher, ya rubuta maƙala a mujallar likitocin ƙasarsu yana gargaɗi a kan haɗarin barin majinyaci kwance, a lokacin da kowa ke ganin gado shi ne rabin magani. Tsohon da ke kwance rigingine ba ya jan numfashi har ƙasa, majina ta taru a huhu, ciwon haƙarƙari ya kama shi. Fatar ƙugu da ta dunduniya, saboda dannewa, ta mutu ta zama gyambo. Jini ya daskare cikin jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, sai a ji labarin mutuwar farat ɗaya. Fitsari ya riƙe, ko mafitsara ta kamu. Zafin ciwo da ƙishirwa da baƙon wuri su ruɗa masa hankali, ya riƙa sambatu, dangi su ce tsufa ne ko iska, alhali ciwo ne da a ke iya magancewa. Sa'an nan ga naman jiki yana narkewa. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da waɗansu tsofaffi lafiyayyu kwana 10 kacal, aka tarar tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo 1. In haka ta faru ga lafiyayye, ina ga karyayye?

Shi ya sa ko a ƙasashen Turai, inda kome na jinya ya wadata, cikin ko waɗanne tsofaffi 100 da suka sami wannan karaya, tsakanin 20 da 30 ba su kan ga zagayowar shekara ba. Waɗanda suka rayu kuma, da yawansu ba su kan koma tafiya kamar dā ba.

Dā can maganinta shi ne a rataya wa ƙafa nauyi, mutum ya yi watanni a gado. A 1931 wani likita a Boston, Smith-Petersen, ya bayyana dabarar ɗaure wuyan ƙashin da ƙusar ƙarfe, daga baya kuma aka ƙago kan ƙashi na ƙarfe wanda a ke sa wa a madadin wanda ya karye. Amfanin aikin nan ɗaya ne, watau ya kashe zafi, ya ba tsoho damar tashi zaune, ya taka ƙasa. Saboda haka hukumar da ke tsara ƙa'idodin jinya a Ingila ta ce, a 2011, a yi wa mai wannan karaya aiki ran da ya zo asibiti ko kashegari, a kuma fara tā da shi kashegarin aikin. Tun 2010 ma sun sa ƙarin kuɗi ga asibitin da ya yi aikin cikin awa 36, tare da cika waɗansu sharuɗɗa. Sun kuma buɗe rajistar ƙasa ta wannan ciwo a 2007. A shekarar da aka buɗe ta, kusan 11 cikin 100 ne ke mutuwa cikin kwana 30. Zuwa 2018 sun koma wajen 6 cikin 100. Ba wani sabon magani aka samo ba, tsari ne da hanzari da ƙidaya.

LABARI BIYU MASU KARO DA JUNA

Game da hanzarta aiki, bakin masana ya zo kusan ɗaya. Inda gardama ta ke shi ne kwanakin bayan aiki. A shekara guda, a mujalla guda, BMJ ta Ingila, cikin 2015, aka buga bincike biyu waɗanda a ido suka saɓa.

Na fari daga ƙasar Suwidin ne. Peter Nordström da abokan aikinsa suka bi labarin mutum 116,111, masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda suka karye a kwatangwalo tsakanin 2006 da 2012. Cikin shekarun nan matsakaicin zama a asibiti ya ragu daga kwana 14.2 zuwa 11.6. Suka tarar cewa, cikin waɗanda ba su wuce kwana 10 ba, duk kwana ɗaya da aka rage yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa cikin wata guda bayan sallama, ƙarin kuwa kashi 8 cikin 100 ne a 2006, ya hau zuwa 16 a 2012. Wanda aka sallama cikin kwana 5 haɗarinsa ya ninka na wanda ya yi kwana 15 ko fiye.

Na biyu daga Jihar Niyok ta Amurka ne. Can an bi mutum 188,208 tsakanin 2000 da 2011, zama kuma ya ragu daga kwana 12.9 zuwa 5.6. Sai ga shi su waɗanda suka daɗe ne suka fi mutuwa bayan sallama. Wanda ya wuce kwana 14 haɗarinsa ya ninka na wanda ya fita cikin kwana 5.

To, wanne ne gaskiya? Duka biyu, in an lura da abin da ke bayan lissafin. A Amurka sallama daga asibiti ba komawa gida ba ne ga mafi yawansu. Akwai gidajen farfaɗowa, masu nas-nas da masu gashin ƙashi, inda a ke kai majinyaci ya ci gaba da koyon tafiya har makonni. Watau gado kawai ya sake, jinya ba ta yanke ba. Wanda kuwa ya daɗe a babban asibiti can, galibi wani ciwo ne ya taso masa ya riƙe shi, saboda haka ba abin mamaki ba ne in irinsu suka fi mutuwa. A Suwidin kuwa, babban rabo na koyon tafiyar cikin asibiti a ke yinsa, don haka rage kwana rage jinya ne. Darasin da mu ka ɗauka shi ne yawan kwana shi kaɗai ba ya auna kome. Abin tambaya shi ne, a wane hali tsohon ya fita, kuma hannun wa ya faɗa?

HALIN GWANDU DA KALGO

Yanzu mu dawo gida. Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da Kalgo, maƙwabciyar Birnin Kebbi, dā gundumomi ne ƙarƙashin En'e ta Gwandu cikin Lardin Sakkwato, yau kuwa ƙananan hukumomi ne a Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991. In an gwada da zamanin kakanni, asibiti ya matso ƙwarai. Asibitin ƙashi na Dala a Kano sai 1959 aka buɗe shi, kuma tsakaninsa da ƙasar Gwandu tafiya ce mai nisa. Yau a Birnin Kebbi akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya, Sarkin Gwandu wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya, a Kalgo kanta akwai babban asibitin jiha, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mutumin Kalgo asibiti yana bakin ƙofarsa, na Gwandu kuma yini ɗaya ya ishe shi zuwa da dawowa.

Amma kusancin gini bai hana kwanaki zubewa ba, suna kuwa zubewa a wuri uku. Na ɗaya a gida, ana shafa man zafi ana jiran a ga abin da hali zai yi. Na biyu wurin mai ɗori. Na uku a gadon asibiti, an ɗauki hoto, likita ya faɗi abin da za a saya, ana jiran a sayar da sa ko buhun shinkafa, ko ɗan da ke aikin gwamnati ya karɓi albashi. Duk waɗannan kwanaki tsoho yana kwance, kuma ko wane ɗaya daga cikinsu yana cin naman jikinsa. Sa'an nan in an yi aikin, lokacin da ya fi bukatar kulawar asibiti, sai a tarar aljihu da haƙuri duk sun ƙare, a shiga roƙon sallama. Ashe mun juya al'amarin ke nan, mun yi nawa inda a ke son sauri, mun yi sauri inda a ke son natsuwa.

Game da masu ɗori, ba mu zo don mu ci mutuncin sana'ar gado ba. Suna kusa da jama'a, suna sauƙaƙa biya, mutane kuma sun amince da su. Amma ƙashin kwatangwalo yana can binne cikin nama, hannu ba ya kai gare shi, karan ɗori kuma ba ya riƙe shi kamar yadda zai riƙe dantse ko ƙwauri. Har ila yau, jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wuyan nan ya ke bi, in wuyan ya karye ya goce, hanyar jinin ta kan yanke, kan ƙashin ya mutu, kome daɗewar ɗauri ba zai kama ba. Mai ɗorin da ya san aikinsa, in ya ga tsoho da gajeriyar ƙafa wadda ta juya waje, ya ce a tafi asibiti yau, wannan ya ƙara wa kansa daraja ne. Muna roƙon hakimai da dagatai su zauna da sarakunan ɗori na ƙasarsu a kan wannan magana guda.

SHARUƊƊAN SALLAMA

A ƙauyukanmu gidan farfaɗowa shi ne ɗakin tsohon, nas ɗinsa kuwa ita ce 'yarsa ko surukarsa ko jikarsa, wadda ke da daka da girki da ɗiban ruwa a kanta. Halinmu ke nan ya fi kama da na Suwidin, inda gajarta kwana ya zama rage jinya. Kada kuma a fahimce mu a karkace, ba cewa mu ke a ajiye tsoho wata biyu a asibiti ba. Zaman da babu tashi, babu koyon tafiya, kwanciyar nan ce dai mai kisa, ga kuma cututtukan da a ke ɗauka a asibiti. Abin da mu ke nema shi ne a daina ƙirga kwana, a riƙa duba hali. Kafin a rubuta takardar sallama, a tabbata tsoho ya tashi daga gado zuwa kujera, ya kuma yi 'yan taku da abin dogarawa. A tabbata ɗinkin ya bushe, babu zazzaɓi. A tabbata yana ci yana sha, yana fitsari da bayan gida, hankalinsa kuma ya dawo jikinsa. A kira wanda zai yi jinya a gida, shi ɗin da kansa, a nuna masa da hannu yadda a ke tā da majinyaci, da yadda a ke juya shi, da wuraren da a ke dubawa don gyambo. A bayyana masa maganin hana jini daskarewa, wanda a kan ci gaba da shi wajen wata guda bayan aiki. A rubuta ranar cire zare da ranar dawowa. Wani zai cika waɗannan cikin mako guda, wani sai ya yi uku. Ko wanne a bar shi da nasa.

Gida kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka yi wa aiki a kwatangwalo ba zai iya kwana a tabarma a ƙasa ba, ba zai iya tsuguno a masai ba. Tun yana asibiti a nemi gado mai tsayi wanda in ya zauna ƙafarsa za ta taka ƙasa, a sa kafinta ya huda kujera a riƙa sa fo a ƙarƙashi, a tanadi kujerar alwala, a kawar da turmi da igiyar awaki daga hanya, a zuba yashi ko tsakuwa inda ruwa ke kwanciya, a ajiye fitila kusa da kansa da dare, domin wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa kusa da karaya ta biyu. A ba shi nono da wake da ƙwai da kifi, abin da ƙasar Kebbi ba ta rasa ba, a kuma riƙa fid da shi hantsi. Tausayin da zai sa a ce, "Baba, kwanta ka huta, kada ka taka," wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

KIRA GA HUKUMA DA MALAMAI

Ga hukuma muna da roƙo uku. Na ɗaya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. To, a lissafta karayar kwatangwalon tsoho cikin gaggawa, a ajiye ƙarafan aikin a sito, a yi aiki tukuna, a bi kuɗi daga baya. Na biyu, tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Jihar Kebbi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, watau KECHEMA, a tabbata kuɗin wannan aiki da na gashin ƙashi suna cikin abin da a ke ɗauke wa tsofaffi. Na uku, ko wane asibiti ya buɗe littafi guda, a rubuta ranar faɗuwa, da ranar zuwa, da ranar aiki, da ranar fara takawa, da ranar sallama, sa'an nan malamin asibitin ƙauye ya aiko da labari bayan kwana 30 da bayan shekara, ko tsohon yana da rai, ko yana tafiya. Wannan bai fi ƙarfin littafi da alƙalami da malami mai amana ba, kuma mun ga abin da irinsa ya yi a Ingila.

Ku kuma malaman ofis da malaman makaranta, da ku mu ke ƙarewa. Tun zamanin En'e, wadda aka rushe a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ku ne a kan kawo wa takarda ku karanta, ku a kan tambaya in al'amari ya rikice, har gobe kuwa haka abin ya ke. In tsoho ya faɗi a gidanku ko a unguwarku ya kasa tashi, maganarku ce za ta raba gardama tsakanin a tafi yau da a bari sai jibi. Ku ce a tafi yau, a ɗauke shi kwance a kan katifa, kada a zaunar da shi a babur. In kuna da asusun taimakon juna a ofis ko a makaranta, ku keɓe wani abu don irin wannan rana, kada aikin mahaifin abokin aikinku ya jira ƙarshen wata. In an yi aiki, dangi sun ƙosa, ku ne za ku tsaya ku tambayi likita ko ya tashi, ko ya taka, ko an koya wa mai jinya, kafin a ɗaure kaya. Kwana uku da za a ƙara a asibiti suna da nauyi ga talaka, mun sani. Amma sun fi sauƙi bisa a koma gida da tsoho, a kwantar da shi a tabarmar da ba zai sake tashi daga kanta ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.